Gurbin Yatsa a Kujerar Muɗawwifi

Jiya bayan la'asar, a nan unguwar Mansur gaban mai tsire, na ji ɗayanku yana cewa wai gyaran kujera ba sana'a ba ce, gam ne da bindigar ƙusa, minti goma an gama. Kuka bushe da dariya har da tafawa. Ban tanka ba don bakina da nama. Yau babu nama, saboda haka ku matso. Wanda Hausarsa ta yi ƙaranci ya tambayi na kusa da shi, ni ba zan juya harshe ba, Larabcina na ciniki ne.

Ammu Sale kuke ce mini, wato Kawu Sale, kuma iyakar abin da kuka sani ke nan. Shekara arba'in da 'yan kai ina taɓa katako a garin nan, kuma sau ɗaya tak na yi niyyar yaudarar mai kaya. Tsohuwa ce, makauniya. Labarin da zan ba ku ke nan, amma sai kun fara sanin kujerar.

Daga Kano na zo aikin Hajji ina saurayi. Jirgi ya koma, ni ban koma ba. Ba iƙama, wato takardar zama, ba dangi, sai dako. Wata rana aka ba ni wani teburi in kai warshar wani kafinta a tsohuwar unguwa kusa da Harami, inda yanzu otal ya hau kai, ko ni ba na iya nuna muku gurbin ƙofar. Mai warshar Bajawe ne, irin mutanen tsibiran gabas mai nisa, Mu'allim Siraju, ɗan guntun tsoho mai faɗan tsiya. Ya ga na sauke teburin a hankali ban ja ƙafarsa a ƙasa ba, ya dube ni sama da ƙasa ya ce, "Ya Takruni, gobe bayan asuba." Takruni, haka suke kiran mu baƙaƙen yamma. Shi ke nan takardar ɗaukar aikina.

Shekara guda cur bai bar ni na taɓa izmili ba, wato cizal. Gira kawai nake dafawa. Gira gam ne na fatar dabba, a bushe ake sayo shi, a jiƙa ya kwana, a sa ƙaramar tukunya cikin babba mai ruwan zafi, kuma in ya tafasa ya mutu. Warinsa kuwa, subhanallah, ko kuliyoyin lungun ba sa leƙo mu. Na tambaye shi me ya sa ba za mu sayi farin gam na kwalba mu huta ba. Ya ce gira yana sakin katako in an sa masa ruwan ɗumi, don haka wanda zai zo bayanka zai iya kwance aikinka ya gyara. Gam ɗin kwalba ba ya saki, ranar da kujera ta ji nauyi katakon ne zai karye. Ya ce, "Kai ba na ƙarshe ba ne, ya walad. Ka bar wa na bayanka ƙofa."

Doka biyu ya kafa mini. Ta farko, ƙusa ba ta shiga tsohuwar kujera. Ta biyu, ma'aikaci ba ya zama a kan kujerar mai kaya. Da tafin hannu ake gwada ta, da gwiwa, a karkata kunne a ji ko za ta yi ƙara. Ya ce wanda ya fara zama zai fara jin tasa ce.

Aikin da ya fara fita da ni a kansa shi ne na gidan muɗawwifi, wato mai jagorancin alhazai. Maigidan ya riga ya rasu, asalinsu Sakkwatawa ne, kakansu da ƙafa ya zo. Muka hau bene na biyu, aka buɗe mana majalisi, na tsaya kamar an dasa ni. Kujeru goma sha biyu a jere jikin bango, goma marasa hannu, biyu masu hannu. Ja ne mai duhu kamar dabinon da ya nuna sosai. Bayan kowacce an fitar da shi da siffar garkuwa, a tsakiya an sassaƙa ɗan tulu mai dogon wuya, zangarniyar alkama tana fitowa daga bakinsa. Ƙafafun sirara, suna tsukewa zuwa ƙasa, da ƙananan kwari a miƙe a jikinsu. Na ce a raina, wannan in Bakano mai tumbi ya zauna ai sai dai a kwashe itacen girki. Na ɗaga ɗaya da hannu guda, na ji ba nauyi, na girgiza, ko motsi.

Mu'allim ya ce aikin Ingila ne, sun haura shekara ɗari biyu, ta jirgin ruwa suka sauka Jidda, muɗawwifin ya saye su a hannun wani attajiri da kasuwa ta juya wa baya. Katakon mahogani ne. Ɗan'uwan maɗacinmu na gida ne, amma ya fi shi laushin fuska, kuma in ka karkata shi ga haske sai ka ga kamar da wuta a can ciki. Ya kifa ɗaya ya nuna mini lambar da mai ita ya sara da izmili a cikin gindin mazauni. Babu ƙusa ko ɗaya, kowane itace ya shiga cikin ɗan'uwansa ya zauna. A cikin mazaunin kuma gashin doki ne, ba soso ba.

Nan na yi wautar farko. Ya ba ni ɗaya daga masu hannun ya ce in goge. Ina gogewa sai na ji wani ɗan lotsi a ƙarshen hannun dama, kamar gurbin ƙwallon dabino, ya yi baƙi ya yi santsi. Na ce yau zan burge tsoho. Na zaro samfefa zan baje wurin. Ban san lokacin da burushin gira ya sauka a bayan hannuna ba, da zafinsa da komai. Na yi ihu, "Wayyo Allah na!"

Sai na ji dariyar mace daga bayan labule. Aka ce, "Sannu bawan Allah. Wanga wuri ba a taɓa shi, ɗan yatsan Baba na."

Hausa! A cikin wannan gida mai darduma har bango. Sitti Maryam ce, babbar 'yar muɗawwifin, ta girme ni da kusan shekara ashirin. Daga bayan labulen ta gaya mini cewa a nan mahaifinta yake zama lokacin Hajji, alhazai na kawo masa kuka: wannan an ɓatar masa da jaka, wancan tsohuwarsa ta ɓace a Muzdalifa. Shi ba mai yawan magana ba ne, sai ya yi ta murza hannun kujera da babban yatsa har mai ƙara ya gama. Shekara arba'in yana haka. A hanyar komawa Mu'allim ya ce mini, "Da ka goge, da yau ka koma dako. Datti daban, mutum daban."

Daga ranar, kowace shekara cikin Sha'aban nake zuwa gidan in duba su kafin azumi. In matse wadda ta saki da igiya da ɗan kara, in bi su da gamalakka. Gamalakka ɓawo ne kamar na albasa, ana narka shi a sibirto, wato sifirit, a ɗiba da auduga a naɗe cikin tsumma mai laushi, a ɗiga mai ɗigo ɗaya, a yi ta zagayawa a kan katako. In hannunka ya tsaya ko na ƙiftawar ido ne, tsumman ya manne, aikin yini ya tashi. Ku da kuke fesa fenti da injin ku tafi cin abinci, ku gwada wannan sau ɗaya ku ga yadda kafaɗa ke kuka. Ina aiki Sitti na bayan labule tana tambayata ko har yanzu ana yin fura a ƙwarya, ko gaske ne Kano ta cika da motoci. Ita ba ta taɓa ganin ƙasar Hausa ba, Hausar kakarta ce a bakinta. 'Ya'yanta ba sa ji sai "sannu" da "na gode". Ta ce in na tafi sai wata shekarar take sake samun wanda za ta yi da shi.

Masu kaya iri-iri na gani. Akwai wanda ya ce in yanke wa kujerarsa ƙafafu ta dawo daidai da zaman ƙasa, na ce ya kai wa mahauci. Akwai matar da ta wanke tata da ruwa da sabulu don Idi, ta zo tana kuka ta yi fari fat. Mukayyif ma, na'urar sanyaya ɗaki, ya kashe mana kujeru da yawa, sanyin injin yana shanye ruwan jikin katako, gaɓoɓi su saki. Duk wannan aiki ne, kuma aiki abinci ne.

Mummunar shekarata ba rana ɗaya ta zo ba. Mu'allim ya rasu, aka rufe warsha, don marar takarda ba ya riƙe shago. Na kwashe izmilai da tukunyar gira na koma ɗaki ɗaya a unguwar Ka'akiyya. Aka rushe tsofaffin unguwanni, manyan gidaje suka watse cikin shigga-shigga, ƙananan gidajen bene, yaran suka zubar da kayan iyaye suka sayo masu ruwan gwal da ke ɓarewa kafin shekara. Sai in yi wata biyu babu wanda ya ƙwanƙwasa. A shekarar da nake ba ku labari, daga Rajab har Hajji kujera ɗaya na taɓa, ita ma ta roba ce ta wani maƙwabci, kunya ta sa na karɓa. Gidan muɗawwifi ma ba su kira ni a Sha'aban ba. Na ji dai an ce sun koma wani bene a Aziziyya, kuma ciwon suga ya tafi da idon Sitti.

Bayan alhazai sun watse sai ga Faisal, autanta, a ƙofata. Mutum mai aikin ofis, da mota, amma ya tsaya yana murza hannu. Ya ce, "Ammu, musiba."

Kun san al'adar garin nan. Hajji ya zo, a ba alhazai hayar gida, a kwashe kaya a kai saman bene, iyali su tafi wani wuri. Haka kakanninsu suka yi, ba wanda ya ga laifi. To amma a tsohon gida akwai ɗaki a sama mai rufi da iska. Sabon benen siminti ne tsirara. Faisal ya kai uwarsa Ɗa'if, ya bar wa leburori aiki, suka jibge kujerun a rana, suka lulluɓe da baƙar leda wai don ƙura. Hajjin kuma a tsakiyar zafi ya faɗo. Kwana arba'in suna dahuwa.

Da na ɗaga ledar sai da na zauna a ƙasa. Gamalakka ta kumbura ta yi ƙuraje, gira ya zama gari, in ka taɓa ƙafa sai ta biyo hannunka. Na zagi Faisal da Hausa, zagi mai kyau, ya yi sa'a ba ya ji. Sha ɗaya dai na ga za su tashi. Ta muɗawwifi ce ta ƙone mini rai: an jefa mata ƙarfen gado, hannun dama ya tsage gida uku, ƙarshensa mai gurbin yatsa ya ɓalle. Na bi saman benen nan da rarrafe, har bakin magudanar ruwa na tura hannu. Babu.

Faisal ya ce uwarsa ba ta san komai ba, an gaya mata suna wurina ana shafa musu mai. Ya ce kullum da safe sai an kai ta ga kujerar, ta sa yatsa a wurin, sannan ta karya kumallo. "Ammu, in ta sani ba za ta yafe mini ba, kuma ba na jin za ta daɗe bayan haka. Ka yi wani irinsa. Ba ta gani." Na ce masa ban taɓa sayar wa mutum sabo da sunan tsoho ba. Ya kama kaina ya sumbata, namiji da gemu yana hawaye. Na karɓa, kuma ba don shi ba.

Wata biyu na yi a kan sha ɗayan. Kowacce na kwance ta gaɓa-gaɓa, na kankare mataccen gira da ruwan ɗumi, na mayar, na ɗaure. Ban kankare tsohuwar gamalakka ba, da sibirto na lallashe ta har ta kwanta. Hannun kuwa sai da na fasa ajiyata: ƙyauren wani tsohon kabad na mahogani da Mu'allim ya ɓoye tun ina saurayi, yana cewa ranarsa na zuwa. Sabon katako ba zai yi ba, launinsa da nauyinsa za su tona ka. Kwana tara ina sassaƙa, ina auna shi da na hagu, har ya zauna yadda ni kaina sai na nemi wurin haɗin.

Saura gurbin. Na gwada a guntun katako da izmili mai lanƙwasa, na bi da samfefa mafi laushi. A ido ya yi. Na rufe ido na shafa, na ji ƙarya ƙiri-ƙiri. Abin da ƙarfe ya sara yana da baki, abin da fata ta cinye ba shi da shi. Sau shida ina yi ina jefarwa. Daga ƙarshe na gane hanya ɗaya ce, kuma sai an zauna, don hannun mai tsaye ba ya faɗawa inda na mai zaune yake faɗawa.

Na ce, "Mu'allim, ka yafe mini." Na zauna.

Kwana ashirin da uku. Daga hantsi zuwa azahar, daga la'asar zuwa magariba, ina dangwala yatsa a mai da garin dutse mai laushi ina murzawa. Fatar ta saɓule, na ɗaure da tsumma, na ga tsumma na ɓata aiki, na kwance. Ba ciwon ne ya dame ni ba. Kujerar an yi ta ne don mutum ya miƙe baya ya fuskanci jama'a, ni kuwa abin da ke gabana bango ne da ƙusar da nake rataye riga. Shekaru ina ɗakin a tsugune, kaina a ƙasa, ban taɓa lura babu kowa ba sai da na zauna a sama. Wallahi kaɗaici ya kama ni, har na riƙa gaida bangon da "to, Alhaji, me ya faru?" don in ji murya.

Ranar da muka mayar da su, na jera su yadda suke a tsohon gida. Faisal ya riƙo hannun uwarsa. Yanzu babu labule, tsufa ya ɗauke shi. Ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana shafa garkuwar tana ƙirgawa. Ta iso ta ƙarshe, ta zauna a hankali, hannunta ya tafi wurin da kansa. Ta murza. Ta sake murzawa.

Da Hausa ta yi magana, ba ta ɗaga murya ba. "Sale, wa ya zamna bisa kujerar Baba?"

Ƙaryar da na shirya ta gudu. Na ce, "Ni ne, Sitti."

"Na ji. Yatsan Baba ciki yake kwantawa. Wanga waje ya karkata, na mai riƙon ƙarfe na." Ta shaƙi iska. "Rana ta ci su ko? Tun daga ƙofa na ji warin sabon gira."

Faisal yana dubana yana dubanta, ya ce da Larabci, "Me take cewa, Ammu?" Kafin in buɗe baki ta juya wajensa ta ce masa da Larabci, "Tamam, ya waladi. Kamar yadda take. Allah ya yi maka albarka, je ka kawo wa Ammunka gahawa." Ya fita da sauri, har yana tuntuɓe don murna.

Ta ce, "Kada ka faɗa mai. Yaro na, kuma bai da wata uwa." Sannan ta miƙo hannu ta ce in ba ta yatsan. Na miƙa mata ta kan gefen mayafinta, ta taɓa inda ya saɓule.

"Kwana nawa?"

"Ashirin da uku."

"Kai ɗai?"

"Ni kaɗai, Sitti."

Ta girgiza kai. "Baba bai taɓa zama bisanta shi ɗai ba. In babu mai ƙara gabanai, ƙasa yake zama. Wagga kujera ba ta mutum ɗaya ba ta."

Ba ta kai wani Sha'aban ɗin ba. Bayan sadakar uku da 'yan kwanaki sai ga Faisal da ƙaramar motar ɗaukar kaya, kujerar a baya naɗe da bargo. Ya ce wasiyya ce, ta ce a kai wa Sale kayansa, shi bai gane nufinta ba amma ya cika. Sha ɗayan wani dillali ya kwashe su zuwa Jidda, yana ta mita wai an ɓata masa jeri. Har yau Faisal yana zaton mun yi nasara, ni kuma ban warware masa ba. Ku ma in kun gan shi ku riƙe bakinku.

Tana nan a ɗakina a Ka'akiyya, ta cinye rabin wurin, da ƙyar nake shimfiɗa. In aka kama ni gobe aka yi tarhil da ni, wato aka kora ni gida, ba za ta shiga jirgi ba, mai gida zai fitar da ita bakin titi, wani mai bindigar ƙusa ya tsinta. Izmilan Mu'allim ma haka, da tukunyar. Na daina neman wanda zai koya, na ga hannuwanku, waya ta riga ta yi musu nata gurbin.

Kowace Juma'a nake goge ta. Ban sake zama ba tun ranar, a tabarma nake kusa da ƙafarta, don na ji abin da tsohuwa ta ce. To ga abin da ya sa na tsayar da ku da duk wannan surutu. Ɗakin yana bayan mai gyaran taya, ƙofa mai kore, bayan la'asar a buɗe take. Ba sai kun koyi komai ba. Ɗayanku ya zo ya zauna a tabarmar ya kawo mini ƙara, ko ta ƙarya ce, a ce jakarsa ta ɓata a Muzdalifa, in samu in zauna.